Asabar Ɗin da Ka Ce Za Ka Raka Ni Gidan Yaya

"Ranar Asabar da ƙarfe goma zan zo in raka ki gidan yayarki. Ni zan yi sallama, ni zan ja ta da hira. Ke aikinki ɗaya ne: ki zauna, ki kama bakinki na awa guda. Na yi miki alkawari."

Maganarka ce wannan, Malam, ban ƙara mata ko wasali ba. Ranar Litinin ka faɗe ta, kana tsaye a ƙofar shago kana laluben tabarau a aljihu, alhali yana saman goshinka. Ranar Laraba, sha huɗu ga watan Mayu, da hantsi, mai ɗakinka ta kira ni a waya ta ce ka gama karyawa, ka ce ƙirjinka ya yi nauyi, ka jingina da bango, shi ke nan. Allah ne Ya ba mu kai, Shi ne kuma Ya karɓi abinSa, kuma can kowa ya nufa. Ba na jayayya da hukuncinSa. Da kai nake rigima. Na san ka ce in sha Allahu, na ji da kunnena, amma ƙasa-ƙasa ka faɗe ta, irin ƙananan rubutun nan da ake maƙalewa a gindin shafi don kada a gani. Shekara goma sha ɗaya kana koya mini cewa marubuci ba ya ɗaukar wa mai karatu alkawari a shafin farko sannan ya sulale ya bar shi a tsaye. Sai ga shi kai ka yi.

Saboda waɗanda ba su san ka ba, bari in gabatar da kai, ko da yake da kana nan da ka soke wannan sakin layin ka ce na tsayar da labari ina lacca. Shekara talatin da ɗaya ka yi kana duba kurakurai a maɗaba'a. Da ka yi ritaya sai ka ɗauki teburinka ka kai shi bayan shagon ɗinkin matarka, tsakanin buhun ƙyallaye da teburin guga. Nan muke samunka duk Alhamis da la'asar, mu masu rubuta labarai, kowa rungume da takardunsa kamar mai kai yaro asibiti. Ba ka taɓa rubuta littafi ba. Na taɓa yi maka gori a kan haka, ka ce, "Na ga inda mutum dubu suka faɗi, Malama. Me zai kai ni in je in faɗi a gabanku?" Muna kiranka Malam Sai-me, domin duk wanda ya karanta maka shafi, kafin ya numfasa za ka ce, "To, sai me?" Ni kuma ka sa mini Tartsatsi, sunan da ya bi ni har ɗakin karatun da nake aiki, inda yanzu ko mai shara da shi take kirana.

Ranar da na fara zuwa, na kawo maka labarina na farko, ina ji da kaina. Na karanta littattafai sun fi ƙarfin kanta uku, na ɗauka wanda ya ci abinci da yawa ai ya iya girki. Ka karanta shiru, ka miƙa hannu ka ɗauko almakashin matarka, ka datse shafi goma sha huɗu na farko, ka zuba su a ambulan, ka miƙo mini. Ka ce, "Ga fitowar ranarki, ga tsuntsayenki, ga tarihin kakannin yarinyar. Ki adana, kayanki ne. Labarin ya fara ne a nan, inda ta tarar an canza kwaɗon ƙofa." Na ce ai dole mai karatu ya san asalinta. Ka ce, "Idan kika ji ihu a maƙwabta, asalin mai ihun kike fara tambaya ko fita kike yi?" Na tashi na fita ban yi sallama ba. Na yi kwana shida ina tsara amsar da zan ba ka. Da na dawo na tarar ba ni ce a gabanka ba, matarka ce, tana riƙe da almakashin tana cewa, "Sau nawa zan gaya maka na yadi ba ya son takarda? Ka dakushe mini guda uku!" Kai kuwa kana ta ba ta haƙuri, hannunka ɗaya a baya yana laluben na huɗu.

Ita ce alƙaliyarmu ta gaskiya, ko da yake ba ta taɓa neman muƙamin ba. Dokarka ita ce kowa ya karanta labarinsa da ƙarfi tana kan keke tana ɗinki. Muddin keken yana gudu, to labarin bai kama ba. Idan ƙafarta ta tsaya, sai ka sa ɗigo da fensir a gefen shafin. Mai kemis, wanda yake rubuta labaran soyayya tsakanin mai sayen maganin tari da mai sayen na ciwon kai, ya taɓa karanta shafi ashirin, ta gama riga ɗaya har ta sa mata maɓallai. Da ya kai ƙarshe ya ce, "Mama, ya kika ji?" Ta ce, "Au, ka fara?" Mun yi dariya har wani malamin lissafi da muke zuwa tare ya ƙware da shayi. Amma kai ba ka bar shi a nan ba. Ka nuna masa cewa mutanensa duka murya ɗaya gare su, ta mai karanta labarai a rediyo, kuma kowa yana faɗin ainihin abin da ke ransa. Ka ce, "Wa ka taɓa ji ya shigo shagonka ya ce ina jin tsoron mutuwa? Cewa yake yi, wannan maganin ba shi da wata illa ko? Ka koma kantarka ka saurara." Bayan wata biyu ya dawo da shafi huɗu kacal. Keken ya tsaya sau uku. Ka tashi ka kama hannunsa kamar an ce maka matarsa ta sauka lafiya.

Ni laifina daban ne. Ina rubuta "ta fusata ƙwarai da gaske", sai ka zagaye shi ka rubuta a gefe: "Me ta yi da murfin tukunyar?" Ina rubuta "gidan ya yi kyau matuƙa", sai ka rubuta: "Ina suke ajiye takalma?" Wata rana na ba wani mutum jawabi mai shafi biyu a bakin gadon asibiti, ka rubuta: "Wannan da numfashin wa yake magana?" Ina da takardun nan duka. Rubutunka kamar sawun kaza, amma babu inda ka taɓa cewa "bai yi ba" ka yi shiru. Kullum tambaya ce, kuma kullum amsarta tana cikin ɗakin da na ƙi leƙawa.

Kada a ce almakashi kawai ka iya. Lokacin da na kwanta ciwo wata uku na daina rubutu, duk Alhamis sai matarka ta kira ni, in ji ka a gefe kana cewa, "Ki gaya mata yarinyar nan tana tsaye a bakin ƙofa tun watan jiya, ƙafarta ta gaji." Ba ka taɓa cewa in daure in rubuta ba. Tausayin yarinyar labarin ka ɗora mini, har na tashi na buɗe mata ƙofar. Malamin lissafi kuwa, da aka dawo masa da littafinsa daga maɗaba'a karo na uku ya rantse ya bar rubutu, kai ka je har makarantarsu ka zauna a benci a bakin ofis, ka ce wa duk wanda ya wuce kana jiran wani marubuci ne. Kunya ta sa ya fito.

To, yanzu ga abin da ya haɗa mu rigima, kuma tunda ka tafi ka bar ni da shi, a bainar jama'a zan faɗa.

Shekara bakwai ke nan ba na magana da yayata, uwa ɗaya uba ɗaya. Babanmu ya bar akwati huɗu na littattafai. A cikinsu na koyi karatu, a cinyarsa, yana bin layi da yatsa. Bayan rasuwarsa da mako biyu na koma gidan don in kwashe su, na tarar da ɗakin fayau, an share, an wanke, har an canza labule. Yaya ta kira wasu mutane sun kwashe komai, ba ta ko ɗaga waya ta gaya mini ba. Na faɗa mata abin da na faɗa, kuma wanda ya san ni ya san ba a taƙaice na faɗa ba. Ita kuwa ta ci gaba da ninke tabarma. Tun daga ranar ko a taron dangi muka haɗu, ta bi ta gabas in bi ta yamma.

Da na zauna rubuta babban littafina, wanda na shekara biyar a kansa, sai na sa wata yaya a ciki. Na canza mata suna, na ƙara mata tsawo, na ba ta haƙorin zinare, na ce ai ba ita ba ce. A littafin ma ba bayarwa ta yi ba, ƙonawa ta yi, a tsakar gida, tana murmushi. Ƙanwar kuwa, wata mai karatu, mai gaskiya, mai kaifin harshe, ta tsaya a kanta ta wanke ta tas. Na ji daɗin rubuta babin nan fiye da duk abin da na taɓa rubutawa. Na karanta shi ranar Alhamis ina jiran keke ya tsaya. Bai tsaya ba. Har wani sauri ya ƙara.

Ka bari kowa ya watse, sannan ka ce, "Tartsatsi, shekara nawa tsohon naku ya yi a kwance?"

Na ce, "Uku."

"Wa ke juya shi a gado?"

Na ce, "Ita."

"Ke kina ina?"

Na ce ina ƙarin karatu, kuma duk hutu ina zuwa.

"Madalla. Shekara ukun nan, shafi nawa kika ba su a littafin?"

Na duba. Layi biyu ne.

"Wutar fa?"

Shafi sha ɗaya.

Ka ce, "Ƙanwar nan ta yi faɗa sau tara a littafin nan, ta ci tara. Ko a gidan dambe ba a haka. Mai karatu ba wawa ba ne. Da ya ga wani ba ya taɓa faɗuwa, ya san marubucin ne ya sa rigar wani ya shigo." Na ce to so kake in wanke ta? Ka ce, "Yafiya tsakaninki da Ubangijinki ce, ba ta shafe ni ba. Ni littafin nake ji. Muguwar da ba ta da dalili ba ta ba kowa tsoro, kwali ce aka zana wa ido. Kin taɓa tambayarta me ya sa?" Na ce ba na bukata, na sani. Ka ce, "Abin da kika sani shi ne kika rubuta, ga shi keke ya ƙi tsayawa."

Wannan ita ce hanyarka da babu wanda na taɓa ji yana yi sai kai. Idan ka gano cewa mugun labari mutum ne mai rai, sai ka ɗauki marubucin ka kai shi gaban mutumin, ya zauna awa guda yana saurare, ba amsa, ba kare kai, ba "ai ba haka aka yi ba". Kai kake jan hirar. Idan marubucin ya buɗe baki, sai ka yi tari. Zaman shiru kake ce masa. Ka kai mai kemis gaban kawunsa da ya riƙe shi. Ka kai malamin lissafi gaban tsohon shugaban makarantar da ya kore shi, ya dawo yana cewa mutumin ya fi yadda ya zata mugunta, sai dai yanzu ya san yadda mugunta take yin magana: a hankali, da fara'a, tana tambayar lafiyar iyali. Babin da ya rubuta bayan nan, har yau idan na tuna shi sai tsigar jikina ta tashi. Ni kaɗai na ƙi. Wata takwas kana bi na ina zillewa. Ranar Litinin ɗin nan na gaji na ce to, amma da sharaɗin ƙafarka ƙafata, domin na san kaina: idan babu mai tari a kusa, minti biyu ba zan yi ba.

Asabar ɗin ta zo, kwana uku da binne ka. Ban je ko'ina ba. Na ce a raina mai rakiya ya tafi, magana ta mutu, kuma ba zan ɓoye ba, a ƙarƙashin kukan da nake yi har da wani ɗan sassauci da na ji.

Sai jiya na koma gaida mai ɗakinka. Muna zaune a shagon, an lulluɓe keke da zane, teburinka yana nan yadda ka bar shi. Ta dube ni ta ce, "Yayarki ta zo gaisuwa ranar Lahadi." Na ce wace yayar? A ina ta san ku? Ta ce, "Ai ranar Talata Malam ya je gidanta. Ya ce ba a kai mutum zaman shiru ba a nemi izinin mai gida ba." Ashe ka sa hularka ta zuwa unguwa, ka hau mota biyu, ka je ka zauna da Yaya tun hantsi har azahar. Ka dawo kana dariya kai kaɗai. Matarka ta tambaye ka me ta ce, ka ce, "Ba nawa ba ne, ba zan faɗa ba. Amma Tartsatsi za ta sake babi uku." Kuma wai da Yaya za ta tafi ranar Lahadi, ta tsaya a bakin ƙofa tana gyara mayafi ta ce, "Na share ɗaki jiya, na jira ta har azahar. Na ɗauka ko ba shi za ta zo."

Malam, ka ga abin da ka yi mini? Ka je bayan idona ka ji abin da na shekara bakwai ban ji ba, ka yi dariyarka, ka tafi da shi. Kai da kake cewa kada marubuci ya ɓoye wa mai karatu abin da ya kamata ya sani don kawai ya ja masa rai. Na kwana ina juya maganar. Wa ta ba littattafan? Baba ne ya ce ta bayar? Ko kuwa ganinsu ne ba ta iya yi, bayan shekara uku tana share ƙurarsu da hannu ɗaya, ɗayan yana riƙe da kwanon wanka? Na ƙirƙiro dalili goma sha biyu, kowanne ya fi wutar da na rubuta kyau, kuma na san babu na gaskiya a cikinsu, domin na gaskiyar yana bakin mace ɗaya, ita kuwa ta share ɗaki ta jira ni ban je ba. Ban taɓa jin haushin mutum kamar yadda nake jin naka yau ba, kuma ban taɓa kewar mutum haka ba.

Allah Ya jiƙanka, Malam. Allah Ya yafe maka kurakuranka, kai da ka ƙare rayuwarka kana gyara na mutane ba tare da ka kunyata kowa a gaban baƙo ba. Allah Ya yalwata maka makwanci, Ya haskaka shi, Ya karɓi littafinka da sauƙi, Ya miƙa maka shi a hannun dama. Mama, ke da kika yi shekara arba'in kina haƙuri da shi da mu da almakasanki, Allah Ya ba ki dangana, Ya sa 'ya'yanku da jikokinku su zame miki sanyin ido. Ga 'ya'yansa, ga ƙannensa, ga abokan aikinsa na maɗaba'a da suka zo da tawada a farce suka yi ta share hawaye, ina miƙa ta'aziyyata. Allah Ya ba mu haƙurin rashinsa, Ya kyautata namu ƙarshen.

Saura ku biyu, mai kemis da malamin lissafi. Na gan ku ranar rasuwa, kun fi kowa kuka, kowannenku yana cewa duk abin da Malam ya bari a kanku yake. To, ga abin da ya bari: ni. An raka ku, kun san yadda ake yi, kuma dukanku kun iya tari. Na ba ku daga yau zuwa Juma'a da la'asar, ɗayanku ya kira ni ya ce zai zo. Idan wayata ba ta yi ƙara ba, ranar Asabar da ƙarfe goma zan tafi ni kaɗai. Zan yi sallama da bakina, in gaishe ta yadda ƙanwa take gaida yayarta, in zauna inda ta nuna mini, in cusa gefen mayafina tsakanin haƙorana har awa guda ta cika, ko me ta faɗa. Daga nan in dawo gida in yage babi na bakwai da na takwas da na tara in sake su, kuma ita za ta fara karantawa kafin kowa. Sannan in buɗe babi na goma, in sa wasu maza biyu a ciki, ɗaya mai sayar da magani, ɗaya mai koyar da lissafi, waɗanda suka bar mace ta tafi ita kaɗai. Kuma ku sani, babu sauran wanda zai kai ni in ji ta bakinku.